Ƙwaya Goma Sha Biyu a Cikin Tulu

Talata, 29 ga Afrilu, 6:20 na yamma

Mun iso Rikoto. Awa shida muka yi a motar Jibo, yana lallaɓa ta, duk ramin da ya faɗa sai ya waiwayo ya ce sannu Madam. Matata Alice ba ta yi amai ba. Da muka shigo ta tsaya a tsakar gida tana duban kajinta, ta ce an bar su sun rame. Rabin kanta a aske, ga ɗinki har bayan kunne, amma kaji ne damuwarta.

Littafin nan na saye shi ne don magani. Likita Nasiruddeen, wanda ya yi mata aikin a babban asibitin birni, ya ce in riƙa rubuta duk lokacin da aka ba ta. Na ce masa shekara ashirin da biyu na yi a soja ina riƙe da littafin gadi, ba a taɓa kama ni da layin da ban cike ba. Bai yi dariya ba. Tun da na sa hannu a takardar sallamar nan ya daina yi mini dariya.

Bari in rubuta abin da ya faɗa tun ban manta ba. Wata jijiyar jini ce a cikin kanta ta yi rauni ta kumbura, yadda tsohon tib ɗin keke ke yi, ranar Talatar makon jiya ta fashe tana cikin tankaɗen gari. Sun buɗe kan sun sa wani ɗan ƙarfe sun danne wurin. Wannan ya wuce. Abin da bai wuce ba shi ne jinin da ya riga ya zuba. Ya ce jinin yana kwance a kan sauran jijiyoyin yana damun su, kuma daga kwana na uku zuwa na goma sha huɗu suna iya tsukewa. In sun tsuke, wani sashen ƙwaƙwalwa zai rasa jini, sai hannu ya tafi, ko ƙafa, ko baki, wani lokacin ma mutumin ɗungum. Maganin da ke rage wannan ɓarnar sunansa nimodifin. Ƙwaya biyu duk bayan awa huɗu, dare da rana, har kwana ashirin da ɗaya. Sai ruwa. Sau uku ya maimaita ruwa, ya ce kada a bar jikinta ya bushe ko na yini ɗaya. In ta fara yawan barci, ko ta rikice, ko baki ya karkace, in kira shi ko yana ina.

Ya so ta zauna a gabansa har ta cika kwana goma sha huɗu. Yau kwana takwas.

6:00, an ba da.

Laraba, 30 ga Afrilu, 5:50 na safe

Na ƙarfe goma da na biyun dare, an ba da. Ta ce in ba ta na shida tun biyar da rabi, wai tana son ta koma barci. Ta shanye kofi uku na ruwa ban roƙe ta ba. Na ji daɗi.

Laraba, 11:30 na safe

Matan zumunta sun zo dubiya, su goma sha ɗaya, da ɗaurin zanensu iri ɗaya. Tun daga ƙofa suke kiran Maman Joel, Maman Joel. Duk garin nan haka ake kiranta. Ni Madam nake ce mata, shekara uku ke nan.

Sun ɗauko mata tulunta daga coci, wai ya zauna kusa da ita ya ɗebe mata kewa. Shekara goma sha tara ita ke buga musu tulun nan a waƙa, hannun dama yana dukan jikinsa, na hagu a bakinsa. Suka ajiye shi a gindin gado, jikin taga. Na ce musu likita ya hana hayaniya. Peculiar, wadda ta fi su baki, ta ce Saje ka yi haƙuri, nan ba bariki ba ne.

Ƙarfe goma na shiga na miƙa mata ƙwayar da kofi na fito. Mutum mai shekaruna ba ya tsayawa a kan matarsa yana kallon maƙogwaronta, balle a gaban mata goma sha ɗaya.

10:00, an ba da.

Laraba, 7:15 na yamma

2:00, an ba da. 6:00, an ba da, ta ce in ɗan jira ta gama wani abu, sai shida da minti biyar.

Na yi tsari. Gorar ruwa huɗu na jera mata a kan kujera da safe, na sa musu lamba da biro. Kafin la'asar uku sun ƙare. Da haka sojoji suke bin oda da ban yi furfura da wuri ba.

Success ta kira daga Kontagora. Ɗiyata ce, amma in ta fara magana sai ka ce ita ta haife ni. Ta ce Baba me ya sa ka sa hannu, kwana shida kacal suka rage. Na ce mata layin ba kyau, ba na jin ta. Na san dalilin da ya sa na sa hannun. Ita ma ta sani. Uwarta ta riƙe mini riga ta ce ba za ta mutu a bayan koren labule ba, in kai ta gida. Me zan ce?

Alhamis, 1 ga Mayu, 1:00 na rana

Zafi. Ko ƙadangare ba ya motsi.

Agwagin Adama maƙwabciyarmu sun gano bayan ɗakinmu. Tun jiya suke taruwa a ƙarƙashin tagar Alice suna caccakar ƙasa, wurin ya jiƙe ya yi caɓi, ban san ko daga ina ba. Na kore su sau uku. Na aika wa Adama cewa in na ƙara ganin su zan ci ɗaya da barkono. Ta zo da kanta da kwanon kunun zaƙi mai sanyi, ta ce in ci, amma in tabbata Musulmi ya yanka.

Ta shiga wurin Alice ta jima. Kunun dai ba a taɓa shi ba, Alice ta ce a rufe mata sai anjima. Da Adama za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa.

"Saje, leɓenta hwa ya bushe."

Na nuna mata gorunan. Ta dube su, ta dube ni, ta ce to Allah shi ƙara sauƙi, ta tafi.

10:00, an ba da.

Alhamis, 8:00 na yamma

2:00, an ba da. 6:05, an ba da.

Ta shanye kunun tas, ta ci tuwo malmala ɗaya da rabi. Har ta tsokane ni, wai na zama nas mai gashin baki. Sannan ta ce in zo mu yi addu'a. Na ce bari in duba ko an rufe kaji. Na tsaya a waje har na ji ta ce amin.

Na gaji. Barcin awa uku-uku ba na mai shekara sittin da uku ba ne.

Juma'a, 2 ga Mayu, 10:20 na safe

Ta ce kanta yana ɗan sarawa. Na tambaye ta yaya jikin, ta ce da sauƙi. Na fi shekara talatin tare da ita, ko ranar da ta haihu da sauƙi ta ce.

10:00, an ba da.

Juma'a, 2:15 na rana

Barci take ta yi. Sai da na taɓa ta sau biyu ta buɗe ido. Baƙin nan ne suka gajiyar da ita, gobe ba wanda zai shigo.

2:00, an ba da.

Juma'a, 4:05

Hannun hagu. Baki. Jibo yana zuwa.

Juma'a, 8:30 na yamma, asibitin Zuru

An sa mata ƙarin ruwa, leda ta biyu ke nan. Ta san ni. Tana magana amma maganar tana fita ta gefe ɗaya. Hannun hagun in aka ɗaga shi aka saki sai ya faɗo.

Wadda ta karɓe mu wata likita ce, Hamdiyya, ba za ta girmi Success ba. Ta tsinki fatar bayan hannun Alice ta saki, fatar ta tsaya a tsaye. Ta ce jininta ya sauka, jikinta a bushe yake. Ta tambaye ni rabon ta da fitsari. Na buɗe littafi ina dubawa, kamar zan same shi a ciki.

Ta kira Likita Nasiruddeen ta ba ni wayar. Ya ce abin da ya ji wa tsoro ne, jijiyoyin sun tsuke. Ya tambaye ni ko ta tsallake magani. Na ce ko ɗaya, na karanto masa layi-layi. Ruwa fa? Na ce gora huɗu a yini. Sannan ya ce kada a ɗora ta a kan hanyar nan a yadda take, a cika ta da ruwa, a ɗago jinin, a ci gaba da ƙwayar, su biyun za su riƙa magana ta waya. Ya ce da tana wurinsa akwai abin da zai ƙara. Bai ce komai a kan takardar sallamar ba. Gara ma ya faɗa.

Labulen nan ma kore ne.

Asabar, 3 ga Mayu, 7:40 na safe, gida

Na zo ɗaukar mata zannuwa. Tulun ya tare mini hanyar akwati, na ɗaga shi zan matsar, sai na ji wani abu yana kacau-kacau a ciki. Na kife shi a kan tabarma.

Goma sha biyu. Na ƙirga sau uku. Na ƙarfe goma da na ƙarfe biyu, Laraba, Alhamis, Juma'a.

Na leƙa ta tagar. Ƙasar ta bushe yau. Agwagin suna tsaye suna jira.

Adama ta same ni a zaune a ƙasa. Na nuna mata tafin hannuna. Ba ta yi mamaki ba.

"Na so in hwaɗa maka shekaranjiya, sai na ji nauyi. Mu mun san bakin mai azumi in munka gan shi."

Asabar, 11:45 na safe, asibiti

Ƙarfe goma nas ta kawo ƙwayar. Alice ta rufe baki ta juya kai bango.

Na zuba mata goma sha biyun a kan zanen gado. Ba ta musa ba. Ta ce ranar da ake tura ta ɗakin tiyata ta yi wa Allah alkawari, in ya mai da ita gidanta da rai za ta yi masa azumin kwana goma sha huɗu, shida zuwa shida, ba ci ba sha. Ya cika nasa. Ta yi uku, saura goma sha ɗaya. Ruwan da ke shiga ta jijiya ba ita ta sa shi ba, wannan ba ruwanta, amma ta baki ba abin da zai wuce sai shida ta yi.

Na yi faɗa. Ban san me na faɗa ba, sai da mutanen gadon kusa suka juyo.

An kira Pasto. Ya zauna ya yi mata magana mai kyau, ya ce Allah ba ya bukatar ranta a bakin alkawari, in ta warke ta yi ko kwana arba'in ne. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce na gode Pasto, ta sake rufe bakin. Likita Hamdiyya ta ce in ƙarfe biyu ta yi a haka za su zura mata roba ta hanci, da so ko ba so, amma ba ta son a kai ga kokawa da mai ɗinki a ka.

Na kira Likita Nasiruddeen na gaya masa gaskiya. Na ce littafin da na karanta masa jiya ba daidai ba ne.

"Baba, ni ba abin da ka miƙa nake tambaya ba. Abin da ya shiga cikinta."

A soja in ka ba mutum harsashi ka rubuta an ba da, aikinka ya ƙare. Shekara ashirin da biyu haka na sani.

Asabar, 3:30 na yamma

Zan rubuta wannan sau ɗaya.

Bayan Pasto ya fita na ja kujera kusa da ita. Na ce ki sha don Allah. Ta juyo ta dube ni da idon nan nata, bakin a karkace, ta ce:

"Wancan karon ma kai ka riƙe kofin."

Shekara uku ba ta taɓa faɗa ba. Ni ma ban taɓa ba.

Da aka tura ɗanmu bakin daga a arewa maso gabas, ta ɗauki azumin kwana bakwai dominsa. A rana ta biyar zazzaɓi ya kayar da ita, tana rawar sanyi tana sambatu. Na ɗago kanta na sa mata kofi a baki na ce sha, oda ce. Ta sha. Bayan kwana tara aka kira mu. Mun same shi da rai a asibitin sojoji, ya yi kwana biyu a bayan labule, muna zaune muna kallo. Ni na san abin da ya kashe shi, na ga raunin da idona, kuma na san irin abin da ke yin sa. Ba kofin ruwa ba ne. Amma tun ranar ban ƙara taka coci ba, sunansa ma ban ƙara iya kira ba, to ni wane ne da zan ce ba ta da hankali?

Ta ce Success kaɗai ta rage mata, ga ta da cikin wata bakwai. Ta ce ba za ta sake cin alkawari ba, gara hannun ya tafi.

Ba ni da ayar da zan kawo mata, Pasto ma da ke da su bai ci nasara ba. Abin da na sani kawai na faɗa. Na ce a wurin gadi in soja ya faɗi ba a barin ƙofa haka nan, kuma ba a ɗaure shi a tsaye. Wani ne ke karɓar bindigarsa ya ƙarasa masa awanninsa. Babba in ya zo zagaye ba ya tambayar ƙafar wa ke tsaye, shi dai kada ya tarar da wurin ba kowa.

"Ba ni gadin," na ce. "Goma sha ɗayan nawa ne."

Ta yi wani abu mai kama da dariya da rabin bakin.

"Kai da ba ka kai ƙarfe takwas ba ka sha koko ba?"

Na ce zan kai.

"Azumi ba yunwa ba ce kawai, Saje. Da wa za ka yi magana?"

Na ce da wanda kika yi wa alkawarin.

Ta sa aka dawo da Pasto daga bakin ƙofa ta tambaye shi ko ya halatta. Ya sosa ƙeya ya ce shi dai bai ga laifinsa ba. Allah ya yi masa albarka.

2:10. Ta haɗiye. Na sa ta buɗe baki ta ɗaga harshe. Na gani.

Lahadi, 4 ga Mayu, 1:00 na rana

6:00, ta haɗiye, na gani. 10:00, ta haɗiye, na gani. Ruwa kofi biyar, a gabana.

Kwana na ɗaya. Harshena ya manne da dasashi. Yaya ta yi kwana uku a zafin nan da kai a tsage?

Lahadi, 5:10 na yamma

Na je bayan ɗakin masu jinya, gindin darbejiya, in yi addu'ar. Na tsaya, na tsaya. Abin da ya fito kawai shi ne, Saje Dawuda mai ritaya, na karɓi aiki daga hannun matata. Sai na dawo.

Ta tambaye ni ko na yi. Na ce na yi. Ta ce me ka ce? Na ce wannan tsakanina da shi ne.

Litinin, 5 ga Mayu, 7:00 na yamma

Success ta iso da cikinta a gaba. Ta yi wa uwarta faɗa, ta yi mini, ta yi wa tulun da ba ya nan. Daga nan ta zauna a bakin gado ta yi ta kuka, Alice tana shafa mata kai da hannun dama.

Adama ta aiko mini da dabino da saƙo ta bakin Jibo. Wai in daina ɗurawa cikina ruwa gaba ɗaya da asuba kamar raƙumi, in riƙa kurɓa a hankali, kuma in bar yawo a rana. Wai in na iya wannan ta ajiye mini wuri a watan azuminsu.

Duka na yau, ta haɗiye, na gani. Kwana na goma sha huɗu ke nan da fashewar.

Talata, 6 ga Mayu, 10:30 na safe

Babban yatsan ya motsa. Likita Hamdiyya ta sa ta yi sau uku. Likita Nasiruddeen ya ce mafi munin kwanakin sun wuce, amma kada a sassauta da ƙwayar. Na tambaye shi hannun zai dawo? Ya ce wani abu zai dawo. Na tambaye shi da ta sha goma sha biyun nan fa, da ruwan? Ya ce ba wanda zai iya rantsewa, wasu suna shan komai a kan lokaci abin ya same su. Mutumin kirki ne. Na san amsar da ake ba iyalan soja, ni ma na sha ba da irinta.

Laraba, 7 ga Mayu, 2:05

Ta haɗiye, na gani. Kaina yana ciwo.

Alhamis, 8 ga Mayu, 6:40 na yamma, gida

An sallame mu, wannan karon likita ce ta ce mu tafi. Bakin ya kusa daidaita. Tana takawa, tana ɗan jan ƙafar. Yatsu uku suna motsi, biyu suna kwance.

Yanzu duk ƙarfe goma da biyu ina tsayawa a kanta ina kallon maƙogwaronta, ko wa ke ɗakin. Peculiar ta ce Saje ko kunya ba ka ji. Na ce na ji ta a baya, na ga abin da ta jawo.

Juma'a, 9 ga Mayu, 4:30 na yamma

Ruwan farko ya sauka. Na tsaya a bakin ɗaki yana zuba daga kwano a gaban hancina, ƙasa tana ƙamshi, ni kuwa baki a rufe. Abel ƙanen Alice ya kira daga Kanya, wai gobe kowa zai fita shuka, ina irin dawar da na ce zan ba shi. Na manta ma da akwai wani abu wai shi gona.

Asabar, 10 ga Mayu, 5:00 na yamma

Na bar Success a kan maganin ƙarfe biyu, na nuna mata yadda ake duba ƙarƙashin harshe, na leƙa gonar. Rana ta dawo kamar ba a yi ruwa ba. Wajen ƙarfe uku jiri ya ɗebe ni, na zauna a gindin kaɗanya. Akwai ledar ruwa ɗaya a aljihun babur, ban san tun yaushe take ba. Na ɗauko ta. Har na sa haƙori a kusurwar.

Ba kowa a wurin. Da na dawo zan rubuta kwana na bakwai, an yi. Wa ya fi ni sanin yadda littafi ke yin ƙarya?

Na zuba ta a ka na taho gida.

Lahadi, 11 ga Mayu, 12:20 na rana

Ana jiyo waƙar matan daga coci, ba tulu a ciki. Alice ta ce in miƙo mata shi. Ta ɗora a cinya, ta buga da dama. Da ta kai hagun bakin tulun yatsun suka kasa rufe shi, sautin ya fita ba daɗi. Ta gwada sau huɗu. Sannan ta goge shi da gefen zane ta ce a mayar coci a ba Peculiar, hannunta yana da nauyi amma za ta koya.

Ba ta yi kuka ba. Ni na fita.

Sa hannuna da kunyata suna cikin abin da ya ci hannun nan. Ko likita ya ce me, ni na sani, kuma da shi zan zauna.

Lahadi, 5:45 na yamma

Yau addu'ar ta yi tsawo. A tsakar gida na yi ta, kusa da akurkin kaji. Na gaya masa ban yafe ba tukuna, gara ya sani. Na gaya masa yaron yana da shekara ashirin da huɗu, kuma ni na kai shi wurin ɗaukar soja da babur ɗina, ina ta taƙama. Na ce Joel. Na faɗa da ƙarfi, ban san da ƙarfi na faɗa ba.

Tagar a buɗe take. Na shiga. Ta matsa mini wuri a bakin gado.

Litinin, 12 ga Mayu, 10:10 na dare

Kwana ashirin da ɗaya. Na ƙarshe. Ta haɗiye, na gani.

Na tambayi likita ko a ba ta goma sha biyun nan a rama. Ya ce a'a, lokacinsu ya wuce. Na zuba su a kwalin ashana na sa a akwatin da lambobina na soja suke.

Talata, 13 ga Mayu, 10:00 na safe

Na miƙe na ɗauki kofi, sai na tuna ba abin da zan ba ta. Ta ce kawo ruwan dai, ta shanye. Ni saura yau da gobe.

Laraba, 14 ga Mayu, 5:50 na yamma

Success ta koma da safe, lafiya lau, ta kira ta ce ta sauka.

Alice ta sa an fito mata da kujera tsakar gida, ta ɗora agogon bango a cinya. Ita ta ɗebo ruwan da kanta daga randa, da hannu ɗaya, rabi ya zube a hanya, ta hana ni taimaka mata. Na miƙa hannu in karɓi kofin ta janye. Ta ce saura minti goma, kuma ita za ta riƙe.

Na ce to, Maman Joel.

Ta sunkuyar da kai tana duban agogon, ta jima ba ta ɗago ba. Yanzu ta ce in ajiye rubutun nan haka, in bar mata littafin da biron a kusa.

6:00. Ya sha. Na gani.